Gidan Kawu Ba na Haya Ba Ne

A gidan kawuna na tashi, a Gombe, tsakanin tsohuwar kasuwa da tashar mota. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, uwata ta komo da ni wajen yayanta, daga baya ta sake aure ta bar ni a hannunsa. Kawu fatoma ne, wato mai masauki. Yaran yanzu in na faɗi haka sai su ɗauka mai otal nake nufi, dole in tsaya in yi bayani kamar ina gaban allo, don sana'o'in biyu ko kama ba su yi ba.

Fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ɗan kasuwa zai taso daga Katsina ko Kano ko ƙasar Barno da goro, ko kanwa, ko tufafi, ya sauka a gidan. A ba shi ɗaki, a kai masa ruwan wanka, da yamma a fito masa da tuwo. Kawu ya adana masa kayansa, ya nemo mai saye, ya zauna tsakani har a daidaita. In baƙon zai koma da wake ko fata, Kawu ya san wanda ba zai cusa masa tsakuwa a gindin buhu ba. In rigima ta taso, shi ne mai zuwa gaban alƙali ya ce baƙona ne, na san ubansa. Abin da yake samu shi ne la'ada a kan cinikin, sai ɗan abin da baƙo ya ga dama ya ajiye wa matar gida ranar tafiya. Ɗaki kuwa kyauta ne, ko mutum ya kwana biyu ko ya share damina.

Kakanmu ne ya zo da sana'ar daga ƙasar Katsina, zamanin da auduga ta fara jawo mutane Gombe. Kawu ya gaje ta tare da gidan: babban zaure a bakin hanya, ɗakunan ƙasa a jere daga ƙofar gida, sannan cikin gida inda matarsa, wadda duk muke kira Inna, take fama da wata tukunyar ƙarfe da sai mata biyu suke sauke ta daga murhu. Ina makarantar horon malamai aka samu 'yancin kai, ina sabon malami jirgin ƙasa ya iso garin. A shekarun nan ban taɓa ganin ɗakunan baƙi babu kowa ba. Wani lokaci har a zaure ake shimfiɗa, mai zuwa masallaci da asuba sai ya bi a hankali kada ya taka attajiri.

Kawu ba mai kuɗi ba ne sosai, amma mutum ne da ake tashi in ya shigo. Abin da yake taƙama da shi ke nan, ko da yake da bakinsa bai taɓa faɗa ba.

Sai kuɗin mai suka zo. Mu a Gombe ba mu taɓa ganin man ba sai a tankin mota, amma mun ga abin da ya haifa. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya, mu malaman makaranta muka sayi babura muna ta faɗuwa a kansu cikin mutunci. Aka zuba kwalta a hanyoyin da a da motoci ke kwana cikin laka. Siminti ya zama abin hira a majalisa, mutumin da bai taɓa ɗora tubali a kan tubali ba sai ka ji yana kwatanta farashin buhu a Jos da na Kano.

Zauren Kawu ya fi kowace jarida kawo labarin garuruwa, don masu labarin da ƙafarsu suka je. Mutanen Kano suka ce akwai layukan da a da zauruka ne zalla, yanzu an fasa su an yi shaguna, masu gida sun koma shiga ta lungu. Masu zuwa Jos suka ce can benaye ake ɗagawa, ƙasa kanti, sama ofis. Da aka mai da Bauchi hedikwatar jiha, ma'aikata suka kwarara can, har aka ce wani ya share ɗakin da yake ajiye hatsi ya ba akawu haya. Mutanen Gombe sun ji zafin rashin hedikwatar, amma suka lallashi kansu da cewa ai kasuwa tana nan, ba a ɗauke ta a mota an kai Bauchi ba. Gaskiya ce kuwa. Masu rarraba sabulu da madara da fulawa suna ta neman sito kusa da tasha. Ma'aikatan da aka turo suna yawo lungu-lungu suna tambayar ɗaki da falo. Can gefen gari, wajen Barunde da Hammadu Kafi, inda muka sani da dawa da wake, aka fara kafa turaku ana yanka filaye.

A nan ne wani dillali ya fara zuwa wajen Kawu. Da can tumaki yake dillanci, sai ya lura gida ba ya zawo, ba ya mutuwa a hannu, ya sauya layi. Ya zo da magana mai daɗi: a rushe zaure da katangar gaba, a fitar da shaguna a jere suna kallon titi, ɗakunan baƙi kuma a shafe su da siminti a zuba 'yan haya. Ya ce Kawu zai kwanta a ɗaki abinci ya riƙa iske shi. Kawu ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka dama masa fura, ya raka shi bakin hanya. Da ya dawo ya zauna sai ya ce, ba da kowa ba:

"Gidan nan ba na haya ba ne."

Kada a ɗauka Kawu bai ga canjin da ake ciki ba. Ya gani sarai, har ya yi nasa lissafin. Wata ranar Asabar da hantsi ya kira ni a gaban baƙinsa. Ticha yake ce mini tun ranar da na fara aiki, rabi girmamawa rabi tsokana.

"Ticha, kai da ka yi karatu, duba mini wannan. Kuɗi sun yi yawa a ƙasa ko ba su yi ba?"

Na ce sun yi, Kawu.

"In kuɗi sun yi yawa, ciniki zai ƙaru?"

Na ce zai ƙaru.

"In ciniki ya ƙaru, fatake za su ƙaru. To in sun zo, a kan bishiya za su kwana?"

Aka yi dariya. Na juya maganar ta kowane gefe kamar yadda nake juya amsar ɗalibi, ban ga inda zan sa jan biro ba. Baƙin da ke zaune, waɗanda sun fi ni sanin hanya, duk suka ce haka ne. Sai ya faɗa mana abin da ya yanke: zai sayar da gonarsa ta wajen Barunde, ya gina sababbin ɗakunan baƙi a filin da ke gefen gida inda ake ɗaure jakuna a da. Na bulo, da rufin kwano, da daɓen siminti, da taga, da lantarki. Ya ce baƙon yanzu ya saba da ganin gini mai kyau a Kano, bai kamata ya zo Gombe a saukar da shi inda gara ke zubo masa a ka ba.

Inna ce kaɗai ta yi magana, ita ma a kan gonar. Ta tambaye shi daga ina dawar tuwon baƙi za ta riƙa fitowa. Ya ce daga kasuwa, kamar na kowa. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe.

Dillalin nan shi ya sayar da gonar, ya yanka ta filaye kafin kakar ta zagayo. Ginin kuwa ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Kawu yana tsaye a kan magina tun safe, shi da bai san bambancin yashi da ƙasa ba sai da aka nuna masa. Ya sa aka yi wa ƙofofi shuɗin fenti. Babbar 'yarsa, taubashiyata, wadda nake kira Adda, tana aure a unguwar tana sayar da atamfa a gida. Ta zo ta zagaya ɗakunan, ta kunna fitila ta kashe, ta ce da ni in rubuta a tarihi, ni da nake koyar da shi, cewa ubanta ya gina wa mutanen da bai haifa ba abin da bai gina wa uwarta ba. Inna a lokacin tana ɗakin ƙasa, tana tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo duk damina. Na ce ai ita ma Inna ta zo da goro ta yi sallama a zaure, za a ba ta ɗaki. Adda ta ce bakina ya fi albashina girma.

Ɗakin da ke farkon layin, wanda ya fi kowanne iska, Kawu ya keɓe shi. Na Alhaji mai goro ne, tsohon baƙonsa daga Katsina, wanda ya fara sauka a gidan tun kakanmu yana da rai. Shi da Kawu tare suka yi samartaka a zauren nan, kowa ya san sunayen 'ya'yan kowa. Alhajin ya kwana biyu bai zo ba, an ce ƙafa ke damunsa. Kawu ya sa katifa a ɗakin, ya rufe, ya ce sai mai shi ya zo.

Fatake sun ƙaru kamar yadda ya faɗa. Kasuwa ta cika ta batse har titi. Abin da ba wanda ya sa a lissafi a zauren nan shi ne, za su zo amma ba za su kwana ba. Kwalta ta gajarta hanya. Mota ta shigo da safe, a sauke, a loda, kafin la'asar ta kama hanya. Kuɗin da ake ba fatoma ajiya yanzu banki ake kai su. Samarin da suka gaji kasuwancin iyayensu sun san masu sayensu, ba sa bukatar dattijo ya zauna tsakani. Wanda dole ta sa ya kwana kuwa otal yake nema, ya biya, a ba shi makulli, ya fita lokacin da ya so, ba wanda zai tambaye shi lafiyar mahaifinsa. Na taɓa tambayar wani daga cikinsu dalilin da zai biya kuɗi alhali ga ɗaki kyauta, ya ce da ni, cikin ladabi, kyauta ta fi tsada, don ba a gama biyanta.

Baƙi ba su ɗauke lokaci guda ba, da ma hakan ne da ya fi sauƙi. Raguwa suka riƙa yi. Tsofaffin suna zuwa jefi-jefi, wannan ya zo bana, baɗi a ji ya rasu. Kuma ko sun zo, tsofaffin ɗakunan ƙasa suke zaɓa, suna cewa kwano yana da zafi da rana. Sababbin ɗakuna suka zauna a jere da shuɗayen ƙofofinsu, ana share su duk safiya.

Inna ta ci gaba da ɗora babbar tukunya, don Kawu ya ce ba a san wanda zai yi sallama da magariba ba. Muka ci ɗumame har muka san shi fiye da tuwon. Maƙwabta suka daina girkin dare a wasu ranaku. Da dawa ta yi tsada, Inna ta sauya tukunya ba ta faɗa wa kowa ba, ta ɗauko wadda ta fi ƙanƙanta, ta kife babbar a bayan ɗakin girki ta rufe da tsohuwar tabarma. Kawu ya shigo wata rana ya ɗaga tabarmar da sandarsa, ya duba, ya mayar. Inna kuwa ba ta ɗago kai ba.

Ana cikin haka aka turo mana wani malamin lissafi makarantarmu, Batangale, Kirista, da matarsa da jaririya. Ya yi ta neman wurin zama bai samu ba, suna raɓe a ɗakin wani ɗan garinsu. Na kai shi wajen Kawu. Ban taɓa ganin Kawu ya miƙe da sauri haka ba. Ya buɗe musu ɗaki biyu, ya sa aka kewaye musu wurin girki da zana, ya aika wa matar da itace. Da yamma tuwo ya fito musu daga cikin gida. Matar ta shiga ta yi wa Inna godiya, kafin sati ya zagayo jaririyar ta koma bayan Inna.

Da wata ya ƙare, abokin aikina ya zo zaure ya durƙusa, ya ajiye kuɗin haya a gaban Kawu. Kawu ya dube shi kamar ya ajiye masa mushe.

"Ɗana, wani abu aka yi maka a gidan nan?"

Ya ce ba a yi masa komai ba sai alheri.

"To ɗauke abinka. Kai baƙona ne."

Ya ɗauke, amma daga ranar bai sake sakewa ba. A makaranta ya same ni ya ce in taimaka in roƙi Baba ya karɓa. Ya ce shi ma'aikaci ne, gwamnati na ba shi kuɗin gida a cikin albashi, kuma mutumin da ba ya biyan haya ba ya iya buga ƙusa a bango sai ya nemi izini, ba ya iya cewa famfo ya lalace. Ya ce yana ji kamar kullum a kan tabarmar wani yake zaune. Na kai wa Kawu maganar a lulluɓe, ya ce in ya karɓi kuɗin ɗaki daga hannun mutum ɗaya, to ya zama mai gidan haya, ko da sauran ɗakunan duk malaman Makka ne a ciki. Matar ta koma kawo wa Inna kaji da gero duk sanda suka je gida Kaltungo, Kawu ya yarda da wannan don ya san shi. Amma fa malamin baƙo ne da ba shi da abin sayarwa. Kullum da safe in ya fito da babur, Kawu sai ya tambaye shi ko akwai abin da za a nemo masa a kasuwa, shi kuma ya ce babu, Baba, ya wuce. Da aka fara rabon gidajen Federal Low-Cost ya samu ɗaya, suka tashi. Matar ta yi kuka, Inna ta yi. Kawu ya raka su har bakin titi, ya ce ɗakin yana nan in sun dawo. Ni ma ba da daɗewa ba na samu nawa a can, na tashi da iyalina, na koma zuwa gaisuwa da yamma.

Labarin Alhaji mai goro a bakin dillali muka ji shi. Ya ce ai Alhajin yana gari, a sabon titi, a saman siton da ɗansa ya kama. Kawu ya ce ƙarya ne, da ya shigo Gombe da nan zai fara sauka. Washegari da azahar sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida, aka fito da tsoho yana dogara sanda. Ina nan a ranar.

Suka rungumi juna, suka daɗe suna gaisawa, aka bi matattu ɗaya bayan ɗaya ana yi musu addu'a. Inna ta aiko da abinci, Alhajin ya ɗan taɓa. Ya ce shi yanzu ba ya kasuwa, ɗansa ne ke yi, kuma yaron ya bar goro ya koma kayan kamfani. Asibiti ya kawo shi wannan karon, yaron ya ce hawa mota zuwa nan kullum zai wahalar da ƙafar. Kawu ya ce ai ƙafar da ta hau bene ba za ta kasa tsallake dokin ƙofa ba. Sai Alhajin ya ce:

"Ba mu muka daina zuwa ba, maigida. Kayan ne suka daina kwana, mu kuwa da ma kayan muke bi."

Kawu ya tashi ya ɗauko makulli, ya ce ya zo ya ga ɗakinsa. Muka bi su a baya. Ya buɗe, ya kunna fitila da rana tsaka, ya nuna masa taga, ya nuna masa katifar da har lokacin ba a kwanta a kanta ba. Alhajin ya yaba ƙwarai. Ya buga sandarsa a daɓe ya ce siminti ya ji, ya ɗaga kai ya duba rufi ya tambaya ko yana yoyo, aka ce ba ya yi. Ya leƙa sauran ɗakunan. Na ga fuskar Kawu ta washe. Sai Alhajin ya juyo ya ce, tunda babu kowa a ciki, yaronsa yana neman inda zai ƙara zuba kaya, siton da yake da shi ya yi kaɗan, ga nan kusa da tasha, ga ba laima. Ya ce gara a ba na gida da a ba bare, kuma yaron zai biya abin da ake biya a gari ba ragi.

Da alheri ya faɗa, na tabbata. Ya ga abokinsa ya tsufa, ya ga rigar da ke jikinsa, ya nemi hanyar da zai taimaka ba tare da ya miƙa masa sadaka ba. Kawu ya tsaya da makulli a hannu. Ya kashe fitilar, ya ja ƙofa, ya ce su koma zaure rana ta yi zafi. Da Alhajin zai tafi ya ce yana jiran amsa, Kawu ya ce Allah ya ƙara sauƙi, a gaida mutanen gida.

Bai yi maganar da kowa ba har aka yi sati. Adda ce ta je ta same shi. Ba ta yi masa wasa ba a ranar. Ta ce masa Inna ta sayar da tasoshinta na aure ɗaya bayan ɗaya tana sayen dawa, ita Adda ce ke kai su kasuwa, yanzu ba saura. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta faɗa masa. Da yamma ya aika aka kira ni, ya miƙo mini makullan duka a ɗaure da tsumma, ya ce in kai wa dillali. Ya ce in gaya masa abin da za a riƙa bayarwa a kai wa Inna ta hannun Adda, kada a biyo da shi ta zaure.

Yaron Alhaji mutumin kirki ne, yana gaida Kawu da durƙuso. Amma kaya suna da nasu sharuɗɗan. Aka toshe tagogin da bulo saboda ɓarayi, aka cire shuɗayen ƙofofi aka sa na ƙarfe, aka fitar da katifar aka kai cikin gida. Kwalayen sabulu da madara suka hau har rufi. Tsofaffin ɗakunan ƙasa ma daga baya aka shafe su da siminti, wasu masu gyaran rediyo suka kama. Inna ta samu rufin kwano, yoyo ya ƙare, abinci bai sake yankewa ba. Duk abin da dillali ya yi alkawari ya cika, har da kwanciya a ɗaki abinci ya iske mutum.

Zaure ya daɗe bai faɗi ba. Kawu yana zama a ciki shi kaɗai, da buta da tasbaha, ga tabarmi a naɗe a jingine. Idonsa ya fara yana. Shaguna suka zo daga dama, suka zo daga hagu, har ya zama a layin gaba ɗaya zaurensa ne kaɗai bai sayar da komai ba. Da aikin ido ya taso, ga aurar da autarsa, shi da kansa ya ce a kira magina. Ranar da za a fasa ya tsiri tafiya Kumo duba wani aboki da ba wanda ya ji yana ciwo. Ya dawo ya tarar da ƙofar gidansa ta koma lungu, faɗinta daidai mutum ɗaya da buhu.

A bakin lungun nan ya riƙa zama a kan benci. Wata rana ina tare da shi wani saurayi ya fito daga shagon kayan babur, ya dube shi ya ce, Baba, kai ne maigadi a nan, zan bar babur ɗina in dawo. Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya dafa gwiwata.

"Bar shi, ɗana, ina nan."

Ya zauna yana kallon babur ɗin da idon da ke gani har mai shi ya dawo.

Da damina ya rasu, bayan gajeriyar jinya. A bakin titi aka yi zaman makoki, a ƙarƙashin rumfunan shaguna, 'yan haya suka rufe na yini guda don girmamawa. Labari ya bi motoci ya kai inda ba mu aika ba. A rana ta biyu tsofaffi suka fara isowa, daga Katsina, daga Azare, daga Barno, waɗansu ban gan su ba tun ina saurayi. Kowa da 'yar jakarsa da butarsa, don a saninsu wanda ya zo gidan nan ba ya tunanin wurin kwana. Cikin gida ya cika da mata. Ɗakunan baƙi suna kulle da kwaɗon wani, ko an buɗe ma ba wurin shimfiɗa tabarma. Na ɗebi waɗanda falona zai ɗauka na kai Low-Cost, sauran ni da Adda muka kama musu ɗakuna a wani otal kusa da tasha.

Bayan la'asar na koma otal ɗin in ga ko sun samu ruwa. Na tarar da wani tsoho mai kanwa daga Barno, wanda ya yi shekaru yana sauka wajen Kawu, zaune a bakin gado, ƙofa a buɗe, jakarsa a kan cinya bai kwance ta ba. Ya ce yana jiran mai gidan ne ya shigo su gaisa, bai kyautu mutum ya baje kaya ba su ga juna ba. Na ce masa mai wurin a Kaduna yake zaune, yaran da ke ƙasa ma'aikata ne. Ya jinjina kai, ya daɗe yana duban fankar da ke juyawa. Sannan ya tambaye ni, to in zai tafi da safe wa zai yi wa sallama. Na ce ba kowa, Baba, makullin kawai za ka ajiye a kan tebur.